Ɗan tasha, ɗan bariki, ɗan banga: daga ina zagin ya samo asali?

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai ya samu sarari.

Ranar Talatar da ta wuce na hau Keke Napep daga Post Office zan koma makaranta, mu uku a baya. Da muka iso bakin get aka samu saɓani kan canji tsakanin mai keken da wani ɗalibi, naira hamsin ce fa kacal. Ɗalibin ya sauka ya dube shi ya ce, "Ba laifinka ba ne, ɗan tasha kawai." Mai keken bai tanka ba, ya ja abinsa ya tafi. Ni ma ban tanka ba, kuma shirun nan nawa shi ya hana ni sakat. Yayana da ya biya min kuɗin makaranta tun daga aji ɗaya har na shiga digiri na biyu ɗan kamasho ne a tashar mota. Da kuɗin kiran fasinja aka sayi kwamfutar da nake wannan rubutu da ita. Shi ya sa na zauna na bi sawun waɗannan kalmomi, in ga yaushe wurin neman abinci ya koma zagi.

Bari in fara da Turanci, don tamu ta fi fitowa fili idan aka jera ta da ta wasu. Kun san villain, mugun cikin fim, wanda muke cewa bos. Asalinta daga Latin ne, villanus, wato mai aiki a gandun wani attajiri. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066 suka yi ƙidayar ƙasa da dukiya a 1086, kuma masu wannan suna su ne rukuni mafi yawa a littafin ƙidayar: manoma ne da ke ɗaure da gonar ubangidansu, ba su da ikon tashi sai da izininsa. Babu maganar mugunta a ciki. Masu gari ne suka riƙa cewa duk wani hali na ƙasƙanci halin manomi ne, har kalmar ta bar gona ta koma kan mugu. Haka knave, wadda a littattafan Shakespeare take nufin mayaudari, a tsohon Turanci yaro ce ko bara, kuma har yau 'yar uwarta Knabe a Jamusanci yaro take nufi. Boor, mara tarbiyya, ita ma manomi ce, tushensu ɗaya da sunan Boer na Afirka ta Kudu. Mu ma ai mun san wannan hanyar, ku duba yadda muke amfani da baƙauye da ƙauyanci.

Ba a baki kawai abin ya tsaya ba. A 1572, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, majalisar Ingila ta yi doka kan waɗanda ta kira rogues da vagabonds, wato masu yawo ba ubangida ba sana'ar da hukuma ta sani. Hukuncin shi ne bulala, sannan a huda kunnen dama da jan ƙarfen da aka gasa a wuta. Irin wannan tunani ya biyo Turawa har nan. Dokar Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 tana da babi kan zauna-gari-banza da masu gararamba. Ita kuwa thug da jaridunmu ke liƙa wa yaran 'yan siyasa, daga Hindi Turawa suka ɗauko ta, inda take nufin mazambaci, lokacin da wani jami'insu William Sleeman ke farautar 'yan fashin hanya a Indiya cikin shekarun 1830.

To mu dawo gida. Tasha dai station ce bakin Bahaushe ya tanƙwara. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, bai iso Maiduguri ba sai 1964, kuma tsakanin nan motocin lori suka cika hanyoyi. Tasha ta zama wurin da yaron da ba shi da gona ko jari zai samu na tuwo: dako, lodi, kiran fasinja, yaron mota. Kamasho ma commission ce, ɗan ladan da ake ba wanda ya cika mota. Amma tasha wuri ne na baƙi, ba mai unguwa, ba wanda ya san uban wani, ana kwana ana tashi cikin hayaniya. Ga mutanen cikin gari, duk wanda ya tashi a inda ba idon dattijo to ba shi da tarbiyya. Ba na musun cewa akwai 'yan sane da mashaya a tasha. Akwai su. Sai dai sunan ya haɗa da mai gaskiyar da ke sallar asuba a masallacin tashar kafin ya fara lodi.

Bariki ta fi ban sha'awa, don garin nan da muke ciki shaida ne. Kalmar daga barracks take. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa ya mai da ita mazaunin sarautar Borno, Turawa kuma suka kafa sansaninsu da ofisoshinsu a gefe, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri. Gari biyu ke nan a wuri ɗaya, na Shehu da na Bature. Haka aka yi a Kano da Zariya da Sakkwato. Su wa ke zaune a bariki? Soja, ɗan sanda, masinja, tafinta, kuku, boyi, lebura, da matan da suka baro gidajensu suka bi su. Mutanen da suka fita daga hannun iyaye da alƙalin gari, suka koyi ɗan Turanci da shan taba da lissafin albashi. Daga nan barikanci ya zama wayon zamba, aka ce wance 'yar bariki ce, wane tsohon ɗan bariki ne. Abin dariyar, jikokin masu wannan zagi su ne yau muke layi muna neman aikin gwamnati, wato muna neman shiga barikin da hannu bibbiyu.

Banga kuma siyasa ce ta haife ta. Daga vanguard take, 'yan gaba-dai na jam'iyya. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, taron siyasa ya zama wurin da ake jifa da duka, kowace jam'iyya ta tanadi matasan da za su tsare shugabanninta. A ɓangaren NPC har ƙungiya aka yi a Kano mai suna Jam'iyyar Mahaukata, kun ji suna. Nan Borno ma an sha wannan dambarwa bayan Ibrahim Imam ya ajiye muƙamin babban sakataren NPC a 1954 ya koma Borno Youth Movement. Ɗan banga a farko mai gadi ne, daga baya ya zama mai tarwatsa taron abokan hamayya, yanzu kuma a Zamfara da Katsina idan aka ce 'yan banga ana nufin masu tsaron ƙauye daga 'yan bindiga. Kalma ɗaya, ta je ta dawo. Daba ma haka: matattarar mafarauta da 'yan tauri ce a unguwannin Kano, inda ake haɗuwa kafin a fita daji da karnuka. 'Yan siyasa ne suka gano cewa ga majiya ƙarfi a tare wuri ɗaya, ana cewa wuƙa ba ta cin su, kuma aljihunsu babu komai.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a rai. Muna da wasu kalmomin da suka shigo ta hanyar malamai, daga Larabci, kuma su asalinsu masu nauyi ne ƙwarai. Ja'iri a littattafan Larabci azzalumi ne, wanda ya karkace daga adalci, kuma an fi jingina ta ga mai mulki ko alƙali. Shaƙiyyi kuwa taɓaɓɓe ne, kishiyar mai rabo, kalma ce ta maganar makomar mutum a lahira. To yau fa? Uwa za ta kalli ɗanta ya sace tsokar nama a tukunya ta yi dariya ta ce, "Kai ja'irin yaro!" Abokinka mai ban dariya ka ce masa shaƙiyyi, ya ji daɗi ma. Shaƙiyanci ya zama barkwanci. Wato kalmar da aka tanada don azzalumin sarki ta yi laushi har ta zama ta wasa da yara, ita kuwa kalmar da ke nuna inda talaka ke neman abinci ta yi kaifi har tana hana mutum aure. Na san wanda aka mayar wa kayan gaisuwa saboda bincike ya nuna a tasha yake aiki.

Mu 'yan Maiduguri muna da tamu ta musamman, ECOMOG. Ga ƙannenmu da ba su riski zamanin ba: asalin sunan na rundunar da ƙungiyar ECOWAS ta kafa ne a 1990 don kwantar da yaƙin Laberiya, sojojin Najeriya ne ƙashin bayanta, daga baya ta shiga Saliyo. Suna ne na alfahari. Amma zuwa zaɓen 2003 a Borno, ECOMOG na nufin yaran 'yan siyasa masu gora da adda, kamar yadda Gombe ke da Kalare, Bauchi ke da Sara-Suka. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2011 ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya lissafa irin waɗannan ƙungiyoyi, da 'yan siyasa suka kafa suka ci moriyarsu suka watsar, cikin abubuwan da suka share wa rikicin da ya cinye mu hanya. Ku lura, yaran sun samu suna har ya bi su kabari. Waɗanda suka sayo addunan kuwa ba mu ƙirƙiro musu kalma ko ɗaya ba, suna nan a jigo da uban tafiya da mai girma. Sai kuma 2013, lokacin da matasan unguwanni irin su Hausari suka ɗauki sanduna suka fara tsare layukansu. Irin yaran da jiya ake kira zauna-gari-banza, aka wayi gari ana ce musu 'yan gora ana sa musu albarka. Gorar dai ita ce ta jiya.

Af, har da 419. Lambar sashe ce a Criminal Code, dokar da Kudu ke aiki da ita, kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. A Penal Code tamu ta Arewa zamba tana sashe na 320 ne. 'Yan sashen shari'a, kun ga ko zagin ma aro muka yi.

Da na je gida ranar Juma'a na ba Yaya labarin mai keken, ina ta kumfar baki a madadinsa. Ya gama saurare ya ce, "Ƙanena, ku ba 'yan boko ba ne? Je ka duba naku sunan a littafin naka." Na duba kuwa. Yawancinmu mun tashi da cewa boko daga book take. Paul Newman, masanin nahawun Hausa, ya rubuta maƙala a 2013 ya nuna ba haka ba ne: boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara, abin da aka yi don ya yi kama da na gaske alhali ba shi ba ne. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni. Kakanninmu mata sun san amaryar boko, wadda ake rufe wa fuska a kai ta a madadin ta ainihi don a ɓatar da ido. Da Turawa suka kawo makarantarsu da baƙaƙensu, mutanen da suka saba da allo da ajami suka dube su suka ce wannan karatun boko ne.

Na dawo na faɗa wa Yaya. Ya yi dariya har da tafa hannu, sannan ya tambaye ni nawa ya rage a kuɗin rajistar zangon nan.