LIG ƊIN MASU ZUWA AIKI DA SAFE

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, ƙwallo za mu taɓa. Abin da ya jawo kuwa gardama ce a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, inda wani yaro ya rantse cewa in ka cire Firimiya to babu sauran tamaula a Ingila sai ta 'yan dagaji. Na ce masa, "Ƙanena, a cikin 'yan dagajin nan Jamie Vardy ya fito, wanda Ahmed Musa ya je ya tarar a Leicester a 2016."

Sunan lig ɗin Northern Premier League, ta arewacin Ingila. An kafa ta a 1968, aka tattaro manyan kulob-kulob daga ƙananan gasanni irin su Cheshire County League da Lancashire Combination, don a samu takwarar Southern League da ke kudu tun 1894. Macclesfield Town ce ta fara cin kofin. Akasarin 'yan wasan ba da ƙwallo suke ci da iyali ba. Wani magini ne, wani malamin makaranta, wani direba. Ya tashi daga aiki ya je atisaye da daddare, ranar Asabar ƙarfe uku a buga wasa, a ba shi ɗan abin da ya samu. Shi kansa Vardy, lokacin da yake Stocksbridge Park Steels, a masana'anta yake aiki, kuma fam 30 ake ba shi a mako.

To amma inda labarin ya fi sosa min rai shi ne maganar ƙofa. A wancan zamanin, ko ka cinye kofin lig ɗin nan ba za ka haura zuwa sahun ƙwararru ba. Tsarin shi ne, kulob huɗu da suka zo ƙarshe a rukuni na huɗu na Football League su nemi a sake zaɓensu, kai ma na waje ka miƙa takardarka, sannan kulob-kulob ɗin ciki su jefa ƙuri'a. To wa zai kori ɗan'uwansa don baƙo? Haka Wigan Athletic ta ci kofin a 1971 da 1975, ƙofa ba ta buɗe ba. Sai a 1978, shekarar da ta zo ta biyu ma, saboda filin Boston United da ta zo ta ɗaya bai cika sharaɗi ba. Aka jefa ƙuri'a tsakaninta da Southport aka yi kunnen doki, sai a zagaye na biyu Wigan ta samu shiga. Wannan Wigan ɗin ce ta hau Firimiya a 2005, ta kuma doke Manchester City ta ɗauki kofin FA a 2013. Ni dai a ganina ƙuri'ar nan zalunci ce da aka sa wa rigar doka, Allah kaɗai ya san kulob nawa ta danne.

A 1979 aka kafa Alliance Premier League, wadda yau ake kira National League, ta kwashe manyan kulob ɗin arewa da na kudu. Sai a 1987 aka fara haurawa kai tsaye ba ƙuri'a, Scarborough ce ta fara cin moriyar hakan.

Wannan ya tura lig ɗin tamu ƙasa, aka ƙara tura ta a 2004. Yanzu babban rukuninta mataki na 7 ne in an ƙirgo daga Firimiya, ƙarƙashinsa akwai rukuni uku a mataki na 8: gabas, yamma da tsakiyar ƙasa, an raba su haka don rage kuɗin mota. Wanda ya zo na ɗaya ya haura National League North, na biyu zuwa na biyar su fafata a fitar da guda, na ƙarshe-ƙarshe su gangara. Har yau dai ana duba fili kafin a bar ka ka hau: fitilu, wurin zaman 'yan kallo, ƙofar karɓar kuɗi. Ta wannan tsani FC Halifax ta haura a 2011, da Vardy a gabanta.