Uwar Garken Kwamfuta: Yadda Ake Kafa Ta da Kula da Ita a Ma'aikatu da Kamfanoni

A birnin Minna hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, take. An kafa hukumar a watan Afrilun 1999, kuma a kowace shekara ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ke zana jarrabawarta ta kammala sakandare. Sunayensu da hotunansu da makinsu duk bayanai ne da ake adanawa a manyan kwamfutoci, kuma daga can ne ɗalibi a Sakkwato ko Kalaba ke ganin sakamakonsa a wayarsa. Irin wannan kwamfuta mai yi wa sauran kwamfutoci hidima ita ake kira uwar garke, wasu kuma su ce saba.

Ba manyan hukumomi kaɗai ke dogaro da ita ba. Asibiti mai ajiye tarihin marasa lafiya, da makarantar kuɗi, da bankin al'umma, da otel, da kantin magani mai rassa, duk suna da ita ko suna hayar ta. Sayen na'urar shi ne mataki mafi sauƙi. Abin da ke sa ta ɗore shi ne wutar lantarki, da sanyin ɗaki, da tsarin izini, da kwafin ajiya, da mutumin da aka damƙa wa amanarta.

Abin da uwar garke ke yi

A gine take kamar kowace kwamfuta, sai dai an ƙera ta don ta yi aiki dare da rana. Da yawa suna da hanyar shigar wuta guda biyu, ta yadda idan ɗaya ta lalace ɗayar ta ci gaba, kuma ana iya zare faifan ajiyarta a musanya ba tare da an kashe ta ba.

Manyan ayyukanta a ofis su ne ajiye fayiloli a wuri guda, riƙe rumbun bayanai na manhajar lissafin kuɗi ko ta albashi, tantance wanda zai shiga kowace kwamfuta, da raba injin buga takardu tsakanin ma'aikata. Akwai kuma ayyuka biyu da ba a cika lura da su ba sai sun tsaya. Na farko shi ne DHCP, wanda ke ba kowace na'ura lambar adireshinta da zarar an haɗa ta. Na biyu shi ne DNS, wanda ke juya suna zuwa lamba, kamar yadda waya ke nemo lambar mutum daga sunansa.

Babbar manhajar da ke tafiyar da ita yawanci ɗaya ce daga cikin biyu. Windows Server ta kamfanin Microsoft ana biyan lasisinta, kuma tana zuwa da Active Directory, tsarin kula da asusun ma'aikata da ya fito tun shekarar 2000. Linux kuwa, irin su Ubuntu da Debian, kyauta ce, amma tana buƙatar wanda ya san ta sosai. A yau ana iya raba na'ura ɗaya ta zama tamkar uwar garke uku ko huɗu ta hanyar manhajoji irin su Hyper-V da VMware da Proxmox, abin da ke rage kuɗin na'ura da na wuta.

Shimfiɗa hanyar sadarwa

Kwamfutocin ofis suna haɗuwa ne a wata na'ura mai bakuna da yawa da ke rarraba layi, daga nan sai rauta ta sada su da intanet. Tsakanin ofis da intanet ana sanya katangar tsaro, wadda ke tace abin da zai shiga da abin da zai fita. Wayar da aka fi amfani da ita, Cat6, ba ta wuce tsawon mita 100 a jan layi ɗaya. Idan za a haɗa gine-gine biyu masu nisa, wayar gilashi ta faiba ta fi dacewa, kuma tana da wata fa'ida: ba ta ɗaukar lantarki, don haka tsawa ba ta bi ta cikinta.

Cibiyoyin jarrabawar JAMB misali ne da kowa ya sani. Tun 2015 hukumar ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a kowace cibiya ɗaruruwan kwamfutoci ne ke karɓar tambayoyi daga uwar garke da ke cikin ginin. Idan ita ta tsaya, ko na'urar rarraba layi ta mutu, zauren duka ya tsaya, ko da kowace kwamfuta lafiyarta ƙalau.

Ƙa'ida ce a raba hanyar gida-gida. Wi-Fi ɗin baƙi daban, kwamfutocin sashen kuɗi daban, kyamarorin tsaro daban. Haka kuma a sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga kamfani tun ranar farko, domin irin waɗannan kalmomi a rubuce suke a intanet, kowa na iya samu. Sannan a liƙa wa kowace waya lamba, a zana taswirar hanyar a takarda.

Wuta, zafi da ƙura

Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Shiroro, wadda ba ta da nisa da Minna, an gina ta ne don samar da megawat 600, Zungeru kuma 700. Sai dai wutar tana shiga babban layin ƙasa ne a raba, kuma wannan layi ya faɗi sau da dama a shekarar 2024. Saboda haka ofis a Minna, kamar na Kano ko Zariya, dole ya yi tanadin kansa.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya lalata rumbun bayanai idan ta zo a daidai lokacin da ake rubutu a faifai. Maganin shi ne na'urar UPS, wadda ke riƙe wuta na 'yan mintuna kafin janareta ko inbata ta karɓa. Ana iya haɗa ta da uwar garke ta yadda idan batirinta ya kusa ƙarewa, za ta umarce ta da ta rufe kanta cikin tsari. Lissafin batir ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe kimanin wat 2,400 na awa guda, amma idan na dalma ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan kayan da ke jan wat 400 za su samu kusan awa uku daga batir ɗaya.

Zafi ma abokin gaba ne. Masana sun ba da shawarar ɗakin uwar garke ya kasance tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Minna kan haura digiri 35. Ɗaki marar na'urar sanyaya iska yana gajarta ran faifai da batir. Ƙurar hunturu tana toshe fankokin na'ura, don haka a riƙa hure ta lokaci-lokaci. Da damina kuma tsawa ce abin tsoro, shi ya sa ake binne sandar tagulla a ƙasa a haɗa ta da kayan, tare da na'urar tare hauhawar wuta.

Wa ke da izinin me

Kowane ma'aikaci ya samu asusunsa na kansa. Idan mutum biyar suna shiga da kalmar sirri ɗaya, ranar da kuɗi ko fayil ya ɓace ba za a san wanda ya taɓa shi ba. A ba kowa iyakar izinin da aikinsa ke buƙata: mai karɓar kuɗi ba ruwansa da fayil ɗin albashi. Shi kansa mai kula da uwar garke ya kamata ya riƙe asusu biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na babban iko da ba ya buɗewa sai da dalili. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a rufe asusunsa a ranar.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne barin dukan makullai a hannun mutum ɗaya, musamman ɗan kwangilar da ya kafa na'urar. Ya kamata a rubuta manyan kalmomin sirri a rufe a ambulan, a ajiye a akwatin ƙarfe na shugaban ma'aikata. Sunan shafin intanet ma a yi rajistarsa da sunan kamfani. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng.

Kwafin ajiya

Tsarin RAID yana rubuta bayani ɗaya a faifai biyu ko fiye, don kada mutuwar faifai ɗaya ta tsayar da aiki. Amma ba ya maye gurbin kwafin ajiya, domin idan an goge fayil ko ƙwayar cuta ta shiga, duka faifan abin ke shafa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Gobara ko ɓarawo ba sa bambance uwar garke da faifan da aka ajiye a kanta. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba.

Sabuntawa da tsaro

A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta kuma tilasta wa asibitoci a Ingila soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe ƙofar tun watan Maris, waɗanda abin ya ci ba su sanya shi ba ne. Darasin yana nan har gobe. Tallafin Windows Server 2012 ya ƙare ranar 10 ga Oktoba, 2023, kuma 14 ga Oktoba, 2025 ita ce ranar ƙarewar na Windows 10. Manhajar sata kuwa ba ta da tabbacin samun faci, wani lokaci ma da cutarta take zuwa.

Abin da doka ta ce

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Tara ga manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba.

A ofis ko a haya

Ƙaramin kamfani na iya hayar uwar garke a cibiyar bayanai maimakon ya saya. Akwai Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya a Abuja, da Rack Centre a Legas, da kamfanonin waje irin su Amazon da Microsoft da Google. Haya tana sauke nauyin wuta da sanyi, amma tana mayar da aiki kacokan kan intanet, kuma kamfanonin waje galibi da dala ake biyansu. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da dama a Najeriya suka shiga matsala. Shi ya sa wasu ke haɗa biyun, aikin yau da kullum a ofis, kwafin ajiya a waje, tare da layin intanet na biyu daga wani kamfani daban.

Batun ƙwararru kuwa, Minna ba ta rasa su ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin, wadda aka kafa a 1983, tana yaye ɗalibai a fannin kwamfuta da sadarwa da tsaron intanet. Mai kamfanin da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, ko ya ba da kwangila, yana da tambayoyi uku da zai riƙa yi duk wata: yaushe aka yi kwafin ajiya na ƙarshe, yaushe aka gwada shi, kuma su wa ke da babban izini a yau.