Daga Yandoto Zuwa Daudawa: Waiwaye Kan Zaman Zikiri a Kudancin Katsina

Duk wanda ya tashi a ƙasar Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa ya san amon da ke fitowa daga ƙananan masallatai bayan sallar magariba. Mutum goma ko ashirin sun durƙusa sun yi da'ira, carbi a hannu, murya ta zama ɗaya, sai can wajen ƙarshe a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya. Mun saba da wannan zama har muna ɗaukarsa kamar tare aka kafa shi da garuruwan. Alhali kuwa yana da mafari, yana da hanyar da ya biyo, kuma a siffar da muka san shi yau bai cika shekara ɗari ba a yawancin ƙauyukanmu.

In za mu nemo saiwar abin, sai mun koma zamanin da ƙasar Katsina take ɗaya daga cikin manyan matattarar malamai a Sudan ta Tsakiya. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya zauna a Kano da Katsina, kuma shi ake danganta wa shigowar Ƙadiriyya ƙasar Hausa. A ƙarni na 17 birnin Katsina ya yi waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda har gobe ana ziyartar makwancinsu. A nan kudu kuwa, garin da ya yi suna da ilimi shi ne Yandoto, kusa da Tsafe ta yau, tafiyar da ba ta da nisa daga Faskari. Sai dai a wancan zamani wuridi da halwa na keɓaɓɓu ne. Malami ne zai shekara da shekaru yana karatun fiƙihu da nahawu da tauhidi, sannan shaihinsa ya laƙƙana masa wuridi, ya shiga ɗaki ya kulle kansa kwanaki yana ambaton Allah. Manomin da ke bayan ganuwa yana zuwa ne neman addu'a da tubarraki, ba ya cikin da'irar. Da yawa daga cikin mutanen karkarar kudancin Katsina ma Maguzawa ne a lokacin.

Jihadin 1804 ya faɗaɗa ƙofar. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Baƙadire ne, kuma ya ba da labarin cewa yana da shekara arba'in ya ga Shaihu Abdulƙadir Jilani cikin wani kashafi da ya yi. Da jama'arsa ta kafa daula, sai Ƙadiriyya ta zama ɗariƙar gidan sarauta da ta manyan malamai, har ana kiran mabiyan Shehu da Ƙadirawa. Yandoto ba ta ji daɗin wannan juyi ba, domin malamanta sun ƙi yin mubaya'a, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci garin da yaƙi a farkon jihadi, ilimin da ke cikinsa ya watse tare da masu shi. A birnin Katsina kuma mulki ya koma hannun Malam Ummarun Dallaje. Abin da ya fi jan hankalina a wannan zango ba a fagen daga ya faru ba. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru: dattijuwa da ake kira jaji takan jagoranci matan ƙauye su je su ɗauki karatu, su dawo su koyar da wasu, su kuma duba marasa lafiya da marayu. A nan ne muke fara ganin ambaton Allah da jinƙan bayinsa sun zama aikin ƙungiya ta talakawa, ba na malami shi kaɗai a ɗakinsa ba.

Ana cikin haka sai ga baƙo ɗan ƙasashen yamma. Alhaji Umaru Futi, a hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya zauna a Sakkwato shekaru da dama cikin shekarun 1830, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Shi ya zo da ɗariƙar Shaihu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Tijjaniyya ta zo da wani tsari da ya dace da mai sana'a. Lazimi safe da yamma: istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari. Wazifa sau ɗaya a yini, kuma cikin jama'a matuƙar akwai 'yan'uwa a garin: istigfari talatin, Salatil Fatihi hamsin, hailala ɗari, Jauharatul Kamali goma sha biyu. Ranar Juma'a kuma a haɗu bayan la'asar a yi ta hailala har rana ta faɗi. Ba a ce sai ka sauke manyan littattafai ba, ba a ce ka bar gona ko kasuwa ba. An dai ɗora maka sharuɗɗa: tsare salloli biyar a jam'i, biyayya ga iyaye, da rashin yanke zumunci da 'yan'uwa Musulmi. Duk da haka, a sauran ƙarni na 19 ɗariƙar ta zauna ne a tsakanin 'yan tsirarun malamai da wasu gidajen sarauta, musamman a Zazzau, ba ta cika ɗaga murya a daular Ƙadirawa ba.

Zuwan Turawa ne ya sauya lissafin, ta hanyar da su kansu ba su nufa ba. Bayan 1903 ikon Sakkwato a kan sarakuna ya ragu, sai ga Sarkin Kano Abbas da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suna Tijjaniyya a fili. A ɓangare guda kuma masaƙun Ingila suna neman auduga ido rufe, kuma ƙasar kudancin Katsina mai laka da isasshen ruwan sama ita ce ta fi karɓar irin audugar Amurka da ake kira Allen. A shekarun 1920 aka kafa gonar yawaita irin auduga a Daudawa, daga nan ake fitar da iri ana rarraba wa manoman Arewa. Funtuwa ta samu injin gurzar auduga, layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya wuce Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Ƙananan garuruwa suka cika da baƙi: 'yan ƙwadago, dillalai, masu awo, teloli, direbobi, 'yan cirani daga Kano da Sakkwato da Damagaram. Baƙon da ya sauka garin da ba shi da dangi yana buƙatar wanda zai amince masa, ya ba shi wurin shimfiɗa tabarma, ya tsaya masa in zai karɓi kaya bashi. Ɗariƙa ta ba da wannan. Mutum ya zauna cikin wazifa dare uku, an san shi, an san shaihinsa, an san ba zai tsallake ya bar amana ba.

Babban juyin ya zo ne da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar Senegal, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975. A 1929 ya bayyana cewa failar da ake jira a Tijjaniyya ta zo ta hannunsa, a 1937 kuma ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji. Malaman Salgawa na Kano, irin su Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari da Shehu Atiku Sanka da Shehu Sani Kafinga, suka sallama masa, daga zaurukansu kuma almajirai suka bazu zuwa garuruwan kasuwa da na tasha. Sabon abin da faila ta kawo shi ne tarbiyya ga kowa. Abin da a da sai malamin da ya tsufa cikin karatu yake nema, wato sanin Allah na ɗanɗano ba na ji a baki kawai ba, yanzu an ce tela ma yana iya nemansa, da manomin auduga, da matar aure a cikin gidanta. Muƙaddami zai ba muridi adadin zikirin da zai riƙa yi, ya rage masa hira da ci da barci, ya riƙa kiransa yana tambayarsa abin da yake samu a zuciya, har ya tabbatar ya kai inda ake so. Shehu Inyas ya kuma ƙarfafa karatun mata, aka samu muƙaddamai mata masu laƙƙana wa 'yan'uwansu wuridi. A ganina wannan na daga cikin manyan sauye-sauyen da suka samu rayuwar talakan Arewa a ƙarni na 20, ko da yake littattafan tarihi sun fi ba siyasar jam'iyyu fili.

Kuma ba a raba wannan tarbiyya da tausayi ba. Zawiyar ƙauye sau da yawa zauren muƙaddami ce kawai da ɗan masallacin ƙofar gidansa, amma a nan akushin tuwo yake fitowa a ci da wanda aka sani da wanda ba a sani ba. A nan ake jin wane bai zo wazifa ba kwana biyu, a tashi gaba ɗaya a je dubiya. A nan ake haɗa kuɗin likkafani, a sasanta ma'aurata, a yi wa gonar mara lafiya gayya. Dattawan ɗariƙa ba sa yarda da zikirin wanda carbinsa ke gudu amma maƙwabcinsa na kwana da yunwa.   

Ba za mu ce komai ya tafi lami lafiya ba. 'Yan faila sun zo da ƙabalu a ƙasar da aka saba da sadalu, kuma saurin yaɗuwarsu ya tayar da hankalin masu riƙe da tsohon tsari. A shekarun 1950 an yi tashe-tashen hankula tsakanin Tijjanawa da hukumomin gargajiya a yankin Gusau da Ƙaura Namoda, nan maƙwabtanmu. Ƙadiriyya kuma ta farfaɗo a hannun Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, da bandiri da maukibi da zikirin jama'a, ita ma ta sauko daga soro zuwa titi.

Sai kuma guguwar da ta biyo baya. Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na sukar ɗariƙu a 1972, aka kafa Izala a Jos a 1978, kafin a ankara an raba masallatai a garuruwa da dama, har uba da ɗa suka daina bin limami ɗaya. Ɗariƙu ba su mutu ba, amma sun sake kama. Sun buɗe makarantun Islamiyya, Fityanul Islam da aka kafa tun 1963 ta ƙara ƙarfi, tafsirin Shehu Ɗahiru Bauchi ya shiga kowane gida ta rediyo da kaset, mauludi ya zama taron dubbai. An samu riba, domin muridin yau ya fi na da iya kare abin da yake yi da hujja. An kuma yi hasara. Lasifika ta hau kan masallaci, raddi ya cinye lokacin da a da ake ba tarbiyya, kuma matashi yana iya haddace muhawarar malamai goma a wayarsa ba tare da ya taɓa zama gaban muƙaddami an tambaye shi halin zuciyarsa ba.

Abin da jayayyar malamai ba ta iya ba, 'yan bindiga sun kusa yi. Zaman zikiri yana buƙatar dare mai aminci, shi kuwa daren ne aka ƙwace wa mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun. A Agusta 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. A ƙauyen da ake sa ran hari, mutane ba sa son taruwa wuri ɗaya bayan faɗuwar rana, kuma in muƙaddami ya yi hijira zuwa Funtuwa ko Katsina, da'irar da ya bari takan watse, domin ba mai laƙƙana wa sabon shiga wuridi, ba mai tashin jama'a zuwa dubiya. A garuruwan da aka gudo kuwa, ban da dangi da makarantun gwamnati da kangwaye, zaurukan malamai na cikin wuraren da masu gudun hijira suke fara sauke kayansu, kuma yawancin masu waɗannan zauruka manoma ne da su ma gonakinsu na bakin daji suka gagare su nomawa.