Pat Reid da Tarihin Fursunonin Colditz

Patrick Robert Reid (1910-1990) hafsan sojan Birtaniya ne, an haife shi a Ranchi ta ƙasar Indiya. Ta bakinsa akasarin mutane suka san Colditz, tsohuwar fadar nan ta kan dutse inda Jamus ta tsare hafsoshin da suka yi ƙaurin suna wajen gudu a Yaƙin Duniya na Biyu.

An kama shi yana kyaftin ranar 27 ga Mayu 1940 kusa da Cassel a Faransa. A sansanin Laufen shi da abokansa biyar suka haƙa rami suka sulale, kwanaki kaɗan aka cafke su, aka kai su Colditz a Nuwamba. Can aka ɗora masa tsara gudun 'yan Birtaniya, kuma mai wannan aiki ba ya gudu da kansa. Sai da ya sauka, a daren 14 ga Oktoba 1942, ya fice tare da Hank Wardle da Ronald Littledale da Billie Stephens. Duka huɗun sun isa Suwizalan.

Wannan kwanan wata shi ne ma'aunin littattafansa. The Colditz Story (1952) shaidar ganau ce. The Latter Days (1953) kuwa labarin jiyau ne, domin fadar ta ƙara shekara biyu da rabi bayan tafiyarsa, har Amurkawa suka buɗe ta a Afrilun 1945. Don haka ya kamata a karanta shi tare da littafin 1961 na Reinhold Eggers, jami'in tsaron Jamus na fadar. Ko adadin waɗanda suka tsira ana saɓani a kai, tsakanin 30 da 36.

Reid ya zana wurin da raha da jarumta, fim ɗin 1955 da shirin BBC na 1972 da aka yi a kan Colditz suka ƙara kafa wannan hoto. Abin takaici shi ne waɗanda hoton ya bari a baya: ƙananan sojoji masu yi wa hafsoshi hidima, da ba a ba su damar gudu, da Yahudawan hafsoshin Faransa da aka ware a ɗaki daban, da Dakta Birendranath Mazumdar, likita Ba'indiye da Turawan da yake tsare tare da su suka ƙyamata. Marubuci Ben Macintyre ya ba su fili sosai a littafinsa na 2022.

A 1984 Reid ya fitar da Colditz: The Full Story, da kuma Prisoner of War tare da Maurice Michael. Ya rasu ranar 22 ga Mayu 1990.