Tsoffin Gidajen Sabo: Yadda Aka Gina Su da Abin da Gyaransu Ke Bukata



Duk wanda ya ratsa lungunan unguwarmu bayan ruwan sama ya san halin da tsoffin gidajenmu suke ciki: kwano ya yi tsatsa, bango ya tsage, an jera bokitai a tsakar ɗaki ana tarar yoyo. Kowa na cewa a gyara, amma gyaran yakan tsaya a rabi. Mu a ganinmu, wanda bai san dalilin da ya sa aka gina gidajen nan haka ba, ba zai iya yin lissafin gyaransu daidai ba.

Kafin a yi Sabo, iyayenmu a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai hanyar fatauci ta sauya. Goron da ake tafiyar watanni a ɗauko daga Gwanja ya zama ana samunsa a nan ƙasar Yarbawa, shanu kuma suna gangarowa daga Arewa. Baƙi suka yawaita. A 1916 hukuma ta ware mana wannan fili a gefen Mokola, aka ce Hausawa su koma can ƙarƙashin sarkinsu.

To, a nan ne maganar gida ta samo asali. A Sabon wancan lokaci gida shi ne jarin kasuwanci. Bafatake ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, wurin maigida zai sauka. Maigida ne zai ba shi ɗaki, a dafa masa abinci daga cikin gida, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi shanunsa bashi, ya ajiye masa kuɗinsa. Yawan ɗakunanka, yawan baƙinka. Yawan baƙinka, yawan la'adarka. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya ƙidaya mutanen Sabo sama da 4,000, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya nuna yadda cinikin goro da na shanu suka rataya a kan masu gidajen nan. Shi ya sa za ka ga tsohon gidan Sabo ƙananan ɗakuna ne jere da juna, tagogi ƙanana, tsakar gida matsattse, bayan gida ɗaya ko biyu ga jama'a masu yawa. An yi su ne don baƙon da zai kwana bakwai ya koma, yau ga iyalai uku ko huɗu a ciki, da 'ya'ya da jikoki.

Abu na biyu, ƙasar da aka yi ginin a kanta ta gari ce. Abin da hannunmu ya riƙe shi ne ginin, kuma ciniki yakan ƙullu ne a gaban sarki da dattawa, da shaidu da amana. Wannan tsari ya yi aiki muddin shaidun na raye. Yau yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta mayar da ikon filayen birni hannun gwamnan jiha, ga gidaje da yawa ba su da wata takarda sai labarin baka. Saboda rashin tabbas ɗin nan, attajirai da dama suka gwammace su kai ribarsu Kano ko Katsina ko Sakkwato su yi gini mai kyau, na nan kuwa a yi ta yi masa faci. Alhali tun 1952, da iyayenmu suka tsayar da sallar Juma'a a masallacinsu na Sabo, ya bayyana cewa zama ne ya kama.

Abu na uku shi ne ruwa. Daminar Ibadan takan fara tun Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti yana iya shekaru masu yawa idan rufinsa lafiya lau yake, gindinsa kuma a bushe. Da zarar kwano ya huje ko kwata ta toshe, ruwa zai shiga tsakanin siminti da ƙasa, bango ya ruɓe daga ciki, waje kuwa fenti na ƙyalli. Manyanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, matasa ma sun ga ta Agustan 2011.

Yanzu ga maganar kuɗi. Kashin farko na kuɗin gyara, a wurinmu, na gado ne da takarda. Gida ya faɗa hannun magada goma, wasu a Legas, wasu a Arewa, ɗaya ne ke ciki. Idan ya zuba dukiyarsa ba da yardar sauran ba, rigima ya saya. A zauna gaban malamai a fitar da rabon kowa, a rubuta wanda zai biya da yadda za a mayar masa, ko daga kuɗin haya ko ta ƙarin kaso da yardar kowa. Wanda yake son sayar da rabonsa ya tuna cewa a fiƙihunmu na Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancantar saye kafin bare. Sannan a nemi lauya a tantance matsayin filin, a nemi izinin hukumar tsara gari kafin a rushe ko a ɗora bene. Kuɗin nan yana da ciwo, amma bai kai ciwon a shafa wa gininka jan fenti ba.

Bayan haka sai a bi aikin daki-daki: rufi da katakon da gara ta ci, sai gindin bango da magudanar ruwa, sai masai da sokawe, sai wayar lantarki da ta tsufa, don gobara a unguwa mai cunkoso irin tamu ba ta tsayawa a gida ɗaya. Tayil da fenti su ne na ƙarshe. Kada a ɗora bene a kan tushen da aka yi don ginin ƙasa sai injiniya ya duba, komai rantsuwar birkila.

Farashi kuma ba ya jiran kowa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira, buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. 'Yan canjinmu sun fi kowa sanin dalili. Don haka a sa magini da kafinta su rubuta lissafi, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a gwada da na wasu mutum biyu. A ware aƙalla kashi 20 cikin 100 a gefe, domin tsohon gida sai an ɗaga kwano ake ganin gaskiyarsa. A sa kuɗin hayar inda iyali za su zauna kafin a gama. A fara aiki a Nuwamba, a rufe kafin ruwan Maris. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya shiga adashi, ko ya gyara ɗakunan haya tukuna su ciyar da sauran aikin. Bashin ruwa dai a guje shi, ya raba mutane da yawa da gidajen iyayensu.

Cinikin shanu ya bar kusa da mu ya koma Akinyele, goro ma ba kamar da ba. Abin da ya rage mana a tsakiyar birnin nan shi ne gidajen nan da masallatanmu da makarantunmu. Duk gidan da ya rushe magada suka kasa tayar da shi, ƙarshensa sayarwa, iyalin su watse, sahun masallaci ya ragu. Muna roƙon dattawa da limamai da masu hali su fara da gidajen marayu da zawarawa kafin damina mai zuwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa Sabo, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Amin.