Ƙanƙara da Firiji: Tarihin Kalmomin Sanyi a Bakin Bahaushe

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wata kalma ta Ingilishi, wato frigid, a ga inda ta haɗu da Hausa da kuma inda suka raba hanya. Asalin kalmar daga Latin ne, frigidus, kuma ma'anarta matsanancin sanyi irin wanda ke daskarar da ruwa. Da ita malaman labarin ƙasa ke kiran yankunan nan biyu na ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na duniya. Daga baya Turawa suka ɗora ta a kan ɗan Adam, suna nufin mutum marar fara'a, wanda ba ya sakin fuska.

Irin wannan sanyi Bahaushe bai san shi a ƙasarsa ba. Manomin Yalwa, ko na sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, yana da kalmomi isassu na abin da ya saba da shi. Akwai sanyi, wanda ya game duka, har da na damina mai laima. Akwai ɗari, busasshe, wanda iskar hunturu ke kawowa daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, ya tsage leɓe da duga-dugai. In ya tsananta a ce muku-muku. Amma duk tsananinsa ba a wayi gari an tarar da ruwan randa ya zama dutse ba. Daskarewa kuwa a man shanu da kitse da jini aka san ta.

Daskararren ruwa hanya ɗaya tak yake zuwa, daga sama, cikin hadari, ya faffasa ganyen shuka ya narke nan take. Shi aka kira ƙanƙara. Abin lura a nan shi ne, da wannan suna dai ake kiran dutsen nan da ake bugawa da ƙyastu a tayar da wuta kafin zuwan ashana. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun kawo ma'anonin biyu. A ganina, abin da ya haɗa su shi ne tauri. Wato Bahaushe ya dubi abin da ya faɗo masa daga sama, ya ga tsakuwa ce, bai damu da sanyinta ba.

Zamani ne ya juya akalar kalmar. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka yi ta shigowa, daga bisani har da akwatin sanyaya abinci, da farko mai aiki da kananzir, sannan mai lantarki. Sunansa na Ingilishi tushensa ɗaya da frigid, kuma guntun sunan ne Hausa ta ara ta ce firiji. Ta nan kaɗai tushen nan na Latin ya samu shiga. Abin da akwatin ke haifarwa kuwa ba a aro masa suna ba, tsohuwar kalma aka faɗaɗa. Yau in yaro ya ce a sayo ƙanƙara da azumi, ba wanda zai tuna da hadari, balle ƙyastu. Haka kuma masu fassarar labarai, irin na Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, sun zauna a kan dusar ƙanƙara domin farin abin nan da ke zuba a Turai, suka kamanta shi da dusar hatsi.

Inda malami ya kamata ya yi hattara shi ne wajen ma'ana ta biyu. Mutumin ƙasar zafi sanyi yake nema, don haka a Hausa galibi yabo ne. Mai sanyin hali mai haƙuri ne, wanda ransa ya yi sanyi kuma ya samu biyan bukata, ko da yake sanyin jiki da sanyin gwiwa ba abin so ba ne. Saboda haka ɗalibin da aka koya wa cewa frigid “mai sanyi” ne, in ya tarar an siffanta wani da ita cikin littafi, sai ya ɗauka an yabe shi, alhali kuwa kushe shi aka yi. Fassarar da ta dace a irin wannan wuri ita ce mai ɗaure fuska, ko marar sakin jiki da mutane.