Harsashin da Taɓo Ya Haifar

Yau tarihinmu na maharban Amurka ne.

A 1946, wani maharbi daga jihar Oregon, John Nosler, ya je farauta Kanada. Ya harbi mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, jikinta duk taɓo. Bindigarsa na tura harsashi da gudun gaske, amma harsashin ya ƙi kutsawa ciki sosai.

Da ya koma gida sai ya ƙera nasa. Ya raba dalmar ciki gida biyu, ya sa katangar jan ƙarfe a tsakani. Gaban ya baje, ya faɗaɗa rauni, bayan kuma ya riƙe nauyinsa, ya ci gaba da shiga. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition.

Har yau masu ɗura harsashi da hannu don farautar elk, 'yar'uwar mus, suna auna albarushi kaɗan-kaɗan har saiti ya zauna, kuma da yawansu shi suke ɗorawa. Sun san gudu kaɗai ba ya kayar da dabba. Sai ta tsere da rauni, ta mutu a wahale cikin daji.

Sai shiri na gaba.